Nuna ƙanƙanta da ƙarancin abu a harshen Rashanci

1. Gabatarwa

Wanda ya buɗe ƙamus na Faransanci da Rashanci ya nemi kalmar peu zai tarar da malo, nemnogo, nemnožko, čut'-čut'. In ya koma ga petit zai tarar da malen'kij, malyj, nebol'šoj, melkij. Ƙamus yakan jera su bi da bi kamar duk tafiyarsu ɗaya. In aka juyo su Hausa kuma sai su ƙara matsewa, su koma «kaɗan» da «ƙarami». Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa bambancin da ke tsakanin waɗannan kalmomi, da ma ɗafe-ɗafen da ke yin irin aikinsu, galibi ba bisa sikeli yake ba. Yana wurin mai magana: ko yana ganin abin ya isa ko ya gaza, ko yana ƙaunarsa ko ya raina shi, ko umurni yake bayarwa ko lallashi yake yi. Rashanci ya shigar da wannan hukunci cikin nahawu ta yadda da wuya mutum ya ce abu kaɗan ne ba tare da ya nuna inda ya karkata ba.

Dalilin kawo Rashanci cikin waɗannan takardu shi ne, Hausa tana yin yawancin wannan aiki da abu biyu, wato «kaɗan» da tsigalau (ɗan, ƴar, ƴan), shi ya sa ayyukan suke cakuɗe a idonmu. Harshen da ya ware wa kowane aiki nasa kayan aiki yana taimaka mana mu ga abin da ke cikin namu.

An rubuta misalan da baƙaƙen boko kamar yadda masana harsunan Silab suka saba: š shi ne sh, č shi ne c na Hausa, ž shi ne j na Faransanci (haka ma Hausawa da yawa a Nijar ke furta j), c kamar ts ne amma ba tare da tsayar da maƙogwaro ba, x shi ne kh na Larabci, j shi ne y, ë kuwa ana furta shi yo. Alamar ' na nuna ganɗantaccen baƙi. Tauraro (*) gaban jimla na nufin ba a faɗin ta. Abu biyu kuma mai karatu zai riƙe. Suna a Rashanci jinsi uku gare shi: namiji, tamata da ɗan ba-ruwana. Sannan ƙarshen suna yana canzawa bisa ga aikinsa cikin jimla, abin da nahawun Faransanci ke kira cas, mu kuma za mu ce siga. Sigogi 6 ake koyarwa a makaranta; uku daga ciki za mu yi ta ambata: sigar aikau, sigar karɓau da sigar mallaka.

2. Malo da nemnogo

Mu ɗauka mutum biyu ne, kowanensu da rubul 500 a aljihu. Na farko ya faɗi (1a), na biyu ya faɗi (1b):

(1) a. U menja malo deneg.
«Kuɗina kaɗan ne.»
b. U menja est' nemnogo deneg.
«Ina da ƴan kuɗi.»

Duk gaskiya suka faɗa, kuma adadin ɗaya ne. Bambancin yana bayyana ne in aka nemi kowanensu ya ƙarasa magana. Wanda ya ce malo abin da zai biyo baya shi ne «saboda haka ba zan iya ranta maka ba». Wanda ya ce nemnogo zai ƙarasa da «zo mu je mu ci abinci». Malo tana tura mai sauraro wajen «babu», nemnogo tana tura shi wajen «akwai». Ku lura ma da kalmar est' «akwai»: ta zauna daidai cikin (1b), amma ba a sa ta cikin (1a), domin ba samuwar kuɗin ake labartawa a can ba, gazawarsu ce.

Wanda ya yi karatunsa da Faransanci zai gane wannan nan take, domin shi ne bambancin peu da un peu wanda Oswald Ducrot ya yi nazari a kai a 1970, daga baya ya faɗaɗa shi tare da Jean-Claude Anscombre cikin L'argumentation dans la langue (1983). Ra'ayinsu shi ne kalmomin biyu ba su saɓa wajen yawa ba, sun saɓa wajen alƙiblar da suke nuna wa hujja. Gwaje-gwajen da suka yi wa Faransanci suna kama Rashanci sosai. Wajen roƙo, misali, ɗaya ce kawai ke shiga:

(2) a. Dajte nemnogo vody.
«Ku ba ni ruwa kaɗan.»
b. *Dajte malo vody.

Ba a roƙon abu da sharaɗin ya gaza. Haka kuma wajen sifa, kowace da irin sifofin da take bi. Nemnogo tana son sifofin da ba a so: nemnogo grustnyj «mai ɗan baƙin ciki», nemnogo strannyj «mai ƴar baƙuwar ɗabi'a». Malo kuwa takan manne gaban sifofin da ake so ta rage musu daraja: maloizvestnyj «wanda ba a san shi sosai ba», maloverojatnyj «mai wuyar aukuwa», malogramotnyj «mai ƙarancin karatu». Faransanci ma un peu triste yake cewa da peu connu. Sannan malo tana karɓar očen' «ƙwarai» da sliškom «fiye da kima» (očen' malo, sliškom malo), har takan zama kusan korewa zalla: malo kto znaet «da wuya ka samu wanda ya sani».

Ƙirar kalmomin ma abin lura ce. Nemnogo haɗin ne «ba» ne da mnogo «da yawa». In aka yi wa malo irin wannan haɗi sai a samu nemalo, wadda ma'anarta «da yawan gaske». Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, shi da ke cewa «ya sha wahala ba kaɗan ba».

To ina Hausa ta tsaya? A ganina «kaɗan» tana ɗauke da ma'anonin biyu, kuma gurbinta cikin jimla ne ke rarrabe su. Cikin «ba ni ruwa kaɗan» nemnogo ce. Cikin «ruwan kaɗan ne» ko «ruwan ya yi kaɗan» malo ce. Tsigalau kuwa alƙibla ɗaya ya sani: «ina da ƴan kuɗi», «akwai ɗan hatsi a rumbu», duk wajen «akwai» suke kallo. Rashanci ma bai kuɓuta gaba ɗaya daga tasirin gurbi ba. In aka kai nemnogo ƙarshen jimla aka ɗora mata nauyin murya, kamar cikin Deneg u nas nemnogo, sai ta tuna asalinta na «ba da yawa ba», ta matso kusa da malo. Wannan ne ya sa nake ganin bai isa a koya wa ɗalibi «malo daidai take da peu, nemnogo daidai take da un peu» a tsaya nan ba.

Sauran ƴan gidan ba su da wuya. Neskol'ko «ƴan, wasu» abin ƙirgawa kaɗai take bi (neskol'ko knig «ƴan littattafai») kuma ba ta yanke hukunci. Nemnožko ita ce nemnogo da aka ƙara wa laushi. Malovato ƙorafi ce cikin ladabi, «ya ɗan yi kaɗan». Čut'-čut' «ɗan ƙiris» ce. In kuma čut' ta haɗu da korewa sai ta ba da ma'anar abin da ya kusa aukuwa: On čut' ne upal «saura kaɗan ya faɗi». Sunan da ya biyo bayan malo, nemnogo da neskol'ko yana ɗaukar sigar mallaka.

A ɓangaren sifa, malen'kij ita ce «ƙarami» ta yau da kullum. Asalinta ƙaramtawar malyj ce, amma ta ture uwar tata, har malyj ta koma zama cikin sunaye da ƙayyadaddun maganganu: Malyj teatr, gidan wasan kwaikwayon da ke maƙwabtaka da Bol'šoj a Mosko, ko Malaja Azija, wato Asie Mineure. Gajeruwar sigarta (mal, mala, maly) tana nan da rai, da ma'anar gazawa: Botinki mne maly «takalman sun yi mini kaɗan». Melkij kuwa na abin da ke da ƙananan ƙwayoyi ne ko marar zurfi: melkij dožd' «yayyafi», meloč' «ƙananan kuɗi, canji».

3. Ɗafin ƙaramtawa

Nan ne Rashanci ya yi fice. Kusan kowane suna na abin da ake gani ko taɓawa yana karɓar ɗafa-ƙeya na ƙaramtawa, kuma zaɓin ɗafin ya danganta da jinsin sunan da kuma sautin da ke ƙarshen saiwarsa:

(3) dom «gida» → domik
gorod «birni» → gorodok
stakan «kofin gilashi» → stakančik
reka «kogi» → rečka
noga «ƙafa» → nožka
okno «taga» → okoško
zerkalo «madubi» → zerkal'ce

Baƙaƙen handa k, g, x suna komawa č, ž, š gaban waɗannan ɗafe-ɗafe, shi ya sa reka ta ba da rečka, uxo «kunne» ya ba da uško. Jinsi kuwa ba ya canzawa: dom namiji ne, domik ma namiji ne, kamar yadda muke cewa «ɗan gida» amma «ƴar taga». Jamusanci ya saɓa da wannan, domin ɗafinsa -chen yana mayar da kowane suna ɗan ba-ruwana.

Ana iya ɗora ɗafi bisa ɗafi, kuma saiwa ɗaya tana iya fitar da ƴaƴa masu halaye daban-daban:

(4) kniga «littafi»
knižka «ɗan littafi». A maganar yau da kullum «littafi» kawai
knižečka «ɗan littafi ƙanƙane, abin sha'awa»
knižonka «ɗan littafin banza»

(5) dom «gida», domik «ɗan gida mai kyau», domiško «ɗan kangon gida», domišče «ƙaton gida»

Knižečka da knižonka na iya zama littafi guda mai shafi guda. Idon mai magana ne ya bambanta. Masana nahawun Rasha sun daɗe da ganin haka. Mixail Lomonosov, cikin nahawunsa na 1755, ya riga ya raba ƙaramtawa gida biyu, ta lallashi da ta raini. Viktor Vinogradov kuma cikin Russkij jazyk (1947) ya yi amfani da laƙabin da har yau ake koyarwa a makarantun Rasha, wato ɗafe-ɗafen «hukuncin mai magana». Wannan laƙabi ya fi diminutif dacewa, domin ƙanƙanta ɗaya ce kawai daga cikin abubuwan da ɗafin ke faɗi, kuma sau da yawa ma ba ya faɗin ta. Uwar da ta kira ɗanta mai shekara 40 synok ko synoček ba tsawonsa take aunawa ba.

Sunayen mutane su ne fagen da wannan ya fi bunƙasa. Marija takan zama Maša a gida, Mašen'ka a bakin mai ƙaunarta, Maška a bakin ƙawa ko mai faɗa da ita. Ivan yakan zama Vanja (shi ne Vanja na wasan kwaikwayon Čexov, Djadja Vanja), Vanečka ko Van'ka. Anna Wierzbicka ta keɓe wa waɗannan sigogi dogon nazari cikin Semantics, Culture and Cognition (1992). Tarihi ma ya shiga ciki. A zamanin daular Mosko, mai kai kuka gaban sarki a rubuce yakan ƙasƙantar da sunansa, ya kira kansa Ivaška maimakon Ivan, har sai da sarki Pëtr na 1, wanda Faransawa ke kira Pierre le Grand, ya hana wannan da doka a watan Disamba na 1701, ya ce kowa ya rubuta cikakken sunansa. Ƙaramtawa ke nan ta zama alamar matsayi tsakanin talaka da sarki.

Akwai kuma tarko ga mai koyo. Ɗafin ƙaramtawa yakan tsufa ya rasa ma'anarsa, kalmar ta zama sunan wani abu dabam. Ručka, daga ruka «hannu», ita ce «marikin ƙofa» kuma ita ce «bik». Nožka «ƙafar kujera» ce, spinka «majinginar kujera», nosik «bakin buta», lampočka «ƙwan lantarki». Mafi shahara ita ce vodka, daga voda «ruwa»: tun da barasa ta ƙwace wannan siga, mai son ya ce «ɗan ruwa» tilas ya koma ga vodička. Wasu sun tsufa har ba mai jin ƙaramtawa a cikinsu: solnce «rana» da serdce «zuciya» suna ɗauke da tsohon ɗafi -c-, kuma in ana son lallashin rana yau sai a ce solnyško. Faransanci ma ya bi ta wannan hanya, domin soleil, oreille da abeille duk daga ƙaramtattun kalmomin Latin suka fito. Amma ɗafinsa na yau, -ette, ya yi rauni (maisonnette, fillette), sai ya dogara ga petit: un petit café, une petite minute.

Daniel Jurafsky ya nuna a 1996 cewa a harsuna da dama alamar ƙaramtawa daga kalmar «ɗa» take fitowa, daga nan ma'anarta ta bazu zuwa ƙauna, raini, kusanci da sassauci. Hausa shaida ce a fili, tun da «ɗan» na «ɗan gida» shi ne «ɗan» na «ɗan Musa». A Rashancin yau kuwa ɗafin ƴaƴan dabbobi a ware yake: kot «kyanwa», kotënok «ɗan kyanwa», jam'i kotjata. Wannan ɗafi haihuwa yake nunawa. Kotik kuwa kyanwa ce da ake so, ko da ta tsufa. Inda Bahaushe zai ce «ɗan rago» ya bar mahalli ya fayyace ko jariri ne ko ƙarami ne ko lallashi ne, Barashe tilas ya zaɓa.

4. Yanki daga abin da ba a ƙirgawa

Ruwa, shayi, sukari, yashi: waɗannan ba su da girman kansu, saboda haka ƙanƙantarsu ta yawa ce. Rashanci yana da hanyoyi uku a nan, kuma suna shiga juna.

Ta farko ita ce sauya sigar karɓau da sigar mallaka:

(6) a. On vypil vodu. (sigar karɓau)
«Ya shanye ruwan.»
b. On vypil vody. (sigar mallaka)
«Ya sha ruwa, wani abu daga ciki.»

Aikatau bai canza ba, ƙarshen suna ne ya canza. Hausa ta ɗora wannan bambanci bisa aikatau (sha, shanye), Faransanci ya ɗora shi bisa harafin da ke gaban suna (l'eau, de l'eau). Galibi wannan siga da kammalallen aikatau take tafiya. In aikin yana cikin gudana ne, On pil vodu «yana shan ruwa» ake cewa, domin ba a yanke wa abin iyaka ba tukuna.

Wasu sunaye maza suna da ƙarshe na musamman don wannan aiki, wato -u maimakon -a: čaju da čaja «shayi», saxaru da saxara «sukari», supu da supa «miya». Ana cewa stakan čaju «kofin shayi», amma zapax čaja «ƙamshin shayi», ba *zapax čaju ba, domin ƙamshi ba yanki ba ne. Saboda wannan da makamancinsa ne Roman Jakobson, cikin nazarinsa na 1936, ya ƙirga sigogi 8 a Rashanci maimakon 6. Wannan ƙarshe na -u ya yi ta ja da baya cikin ƙarni na 20, kuma a yau stakan čaja ba ya tayar wa kowa hankali. Amma akwai wurin da ya kafe, shi ne cikin kalmomin da aka ƙaramta. Wannan ya kawo mu hanya ta biyu:

(7) a. Xotite čajku?
«Ko za ku ɗan sha shayi?»
b. Nalej vodički.
«Ɗan zuba mini ruwa.»
c. Položi saxarku.
«Ɗan sa sukari.»

Čajku sigar yanki ce ta čaëk, ƙaramtawar čaj. Saxarku ta saxarok ce. Haka kofejku da medku, na kofi da zuma. A nan -u ne ke mulki. Tambayar ita ce, me aka ƙaramta? Ba shayin ba ne, domin wanda aka yi wa tayin čajku cikakken kofi za a ba shi, wataƙila ma biyu. Abin da aka rage shi ne nauyin maganar: mai tayi yana nuna abin bai kai a yi masa godiya ba, mai roƙo yana nuna ba zai wahalar da kowa ba. Dressler da Merlini Barbaresi, cikin Morphopragmatics (1994), sun bayyana irin wannan da cewa ɗafin yana manne da suna amma aikinsa bisa dukan furucin yake. Fassarar Hausa ta (7) ta tabbatar da ra'ayinsu ba tare da an nema ba: Bahaushe ya ɗauke «ɗan» daga jikin suna ya kai shi gaban aikatau.

Daga teburin abinci wannan salo ya bazu zuwa kanti, asibiti da ofis: biletik «ɗan tikiti», tabletočka «ƴar ƙwayar magani», spravočka «ƴar takardar shaida», minutočku «ɗan dakata minti ɗaya». Masu tsaron tsabtar harshe a Rasha sukan yi ƙorafi da wannan, suna ganin zaƙin baki ne ko ƙasƙantar da kai gaban ma'aikaci. Ga mai nazari kuwa hujja ce mai kyau, domin takardar shaida girmanta ɗaya ko an kira ta spravka ko spravočka.

Hanya ta uku ta fi sauran kusa da awo na gaskiya. Ɗafin -ina ko -inka yana cire ƙwaya ɗaya daga tari:

(8) gorox «wake irin na Turai» → gorošina, gorošinka
pesok «yashi» → pesčinka
sneg «dusar ƙanƙara» → snežinka
trava «ciyawa» → travinka
pyl' «ƙura» → pylinka
izjum «busasshen inabi» → izjuminka

Hausa kalma take kawowa a nan: ƙwayar gero, ɗigon ruwa, tsinken ciyawa. Ku lura ɗafin yana mayar da kalmar tamata ko da uwar namiji ce, abin da ɗafin ƙaramtawa na (3) ba ya yi. Wannan ya nuna sabuwar kalma ce aka ƙera. Izjuminka ma ta samu ma'ana ta biyu, «ɗan abin da ke ba mutum ko aiki armashi».

Irin waɗannan ƙwayoyi, da sunayen ƙananan ma'aunai kamar kaplja «ɗigo», kroška «ɓarɓashi», glotok «kurɓi», ščepotka «abin da yatsu suka tsinko», su ne harshen ke ɗauka in yana son ƙarfafa korewa: ni kapli «ko ɗigo», ni kroški «ko ɓarɓashi», ni kopejki «ko kwabek», ni šagu «ko taki ɗaya». Mu ma «ko ƙwaya», «ko tamma», «ko dala» muke cewa. Faransanci ya wuce kowa a nan, tun da pas «taki», point «ɗigo», goutte da mie sun fara ne a matsayin irin waɗannan ƙananan ma'aunai, har pas ta zama ita ce korewar kanta. Rashanci bai kai nan ba. Ni kapli tana buƙatar korewa tare da ita. Amma ta fara barin asalinta, domin ana cewa Ja ni kapli ne ustal «ban gaji ba ko kaɗan», alhali gajiya ba ta ɗiga. A maganar kasuwa kuma akwai kot naplakal, wato gwargwadon hawayen da kyanwa ta zubar, da s gul'kin nos, gwargwadon bakin tantabara. Duka biyun a layin malo suke.

5. Aikatau

Aiki ma yana iya zama kaɗan, ko wajen lokaci ko wajen ƙarfi, kuma ɗafa-goshi ne ke ɗaukar wannan. Po- yana yanke wa aiki ɗan lokaci: spat' «barci», pospat' «ɗan yin barci», čitat' «karatu», počitat' «ɗan taɓa karatu». Pri- yana nuna aikin bai kai ƙarshe ba: otkryt' «buɗe», priotkryt' «ɗan buɗe», prileč' «ɗan kishingiɗa». Pod- yana ƙara ko rage ɗan abu: podsolit' «ɗan ƙara gishiri», podzabyt' «ɗan manta». In po- ya haɗu da ɗafa-ƙeya -iva- sai a samu aiki mai rauni da ke zuwa jefi-jefi: pokašlivat' «yin ɗan tari lokaci lokaci», pobalivat' «yin ɗan ciwo yana lafawa».

Bambancin sashe na 2 yana dawowa a nan. On malo spal «bai samu barci sosai ba» ƙorafi ne. On nemnogo pospal «ya ɗan samu barci» labari ne mai daɗi, kuma nemnogo da po- suna jan juna domin alƙiblarsu ɗaya. Duk ɗafa-goshin nan da «ɗan» muka fassara su, wanda ya nuna yawan kayan da ƴar kalmar nan ke ɗauka ita kaɗai. Wajen sifa kuwa Hausa ninki take yi inda Rashanci ke sa -ovat-: belovatyj «fari-fari», krasnovatyj «ja-ja».

6. Ƙananan lambobi

Nahawun Rashanci yana ware 2, 3 da 4 daga sauran lambobi. Bayansu suna yana ɗaukar siga mai kama da mallakar tilo. Daga 5 zuwa 20 kuwa mallakar jam'i yake ɗauka:

(9) odin stol «tebur 1»
dva, tri, četyre stola «tebur 2, 3, 4»
pjat' stolov «tebur 5»

Daga 21 sai a bi lambar ƙarshe: 21 kamar 1, 22 kamar 2, 25 kamar 5. Kalmar «shekara» ma har saiwa take canzawa: dva goda amma pjat' let. Asalin wannan shi ne tsohon Rashanci yana da adadi na uku ban da tilo da jam'i, na abu biyu, irin musanna na Larabci. Da ya ɓace, ƙarshensa -a na sunaye maza ya yi kama da na mallakar tilo, aka ɗauke shi a haka, aka kuma shimfiɗa shi bisa 3 da 4. Alamar cewa sigogin biyu ba ɗaya ba ne tana nan cikin ƴan kalmomi, inda nauyin murya ke sauya wuri: dva časá «awa 2» amma okolo čása «kusan awa ɗaya». Sifa ma ba ta bin sunan cikin tilo, jam'i take ɗauka: dva bol'šix stola. Shi ya sa wasu masana ke kiran wannan siga adadin ƙaranci, paucal. Wanda ya karanta nahawun Larabci zai tuna da jam'ul ƙilla, na 3 zuwa 10, ko da yake iyakokin ba ɗaya ba ne.

In aka juya tsari, suna ya riga lamba, adadin ya zama na kintace: pjat' minut «minti 5», minut pjat' «kamar minti 5». Wannan juyi yana haɗuwa da abubuwan da muka gani a baya cikin jimla ɗaya ta yau da kullum:

(10) Ja posplju časika dva.
«Zan ɗan kwanta kamar awa biyu.»

Cikin kalma 4 akwai po- na ɗan lokaci, da ɗafin -ik bisa čas «awa», da sigar ƙananan lambobi, da juyin kintace. Hausa ta biya bukata da «ɗan» da «kamar». Tana da kuma nata salon na sassauta lamba, wanda ya fi kama da para «biyu, ƴan» ta maganar Rashawa ta yau da kullum: para dnej ba lallai kwana 2 cif ba ne, kamar yadda «ƴan kwana biyu» a bakin Bahaushe ke iya kai wa mako.